Inuwar Babbar Mota

Zuwa ga ɗana Auta,

Assalamu alaikum. Da sunan Allah na fara, kuma da sallama nake shigowa inda kake. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka da 'yar jaririyar da har yau ban ɗauka a hannuna ba, sai dai in gan ta a gilashin waya. Allah Ya raya ta, Ya hore maka abin ciyar da ita, Ya tsare ka a fita da dawowa. Rubutun da kake gani na yayarka Malama ne, amma bakin nawa ne. Na ce mata ta rubuta yadda na faɗa, kada ta yi ta gyara min magana kamar ta samu littafin 'yan ajinta. In mun gama za ta karanta min tun daga farko, in na ji kalmar da ba tawa ba sai mu sake. Ta ce ta ji, amma ka san yayarka.

Mu nan muna nan, mun gode Allah. Mahaifiyarka ta fara cin abinci kaɗan-kaɗan, sai dai har yanzu in babur ya tsaya a ƙofar gida da la'asar sai ka ga ta ajiye abin da ke hannunta tana sauraro. Matar yayanka tana ɗakinta da 'yan biyu, ta koma kan keken ɗinkinta, muna jin ƙararsa daga safe. 'Yan biyun sun fara haƙori, ba wanda ke sakewa a gidan. Kawunka mai faci yana nan da surutunsa, ya ce in gaya maka tayar da ya manna maka kafin ka tafi in tana nan da rai ka aiko masa da tukuici. Ni kuma gwiwa ce kawai, sai kunnen nan da ke ƙara nauyi.

To Auta, yau wata biyu da kwana tara da rasuwar yayanka Dogo. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta. Nisa bai bar ka ka zo ba, kuma abin da aka gaya maka a waya shi ne direban tifa ya take shi a mararraba. Ni na faɗi haka, ni na maimaita wa duk wanda ya zo ta'aziyya. Wannan takarda na sa a rubuta ne don in gaya maka sauran maganar, domin akwai saura, kuma ta shafe ka fiye da kowa a duniya.

Ka san shekara talatin da takwas na yi ina haya da babur. Babur bakwai na kashe a ƙarƙashina, ina iya lissafa maka su da launinsu da inda kowanne ya fara ciwo. Na san babban titin nan tun yana layi ɗaya, tun ana tsayawa a jira shanu su tsallaka. A duk shekarun nan ko yatsa ban karya ba. Abokan sana'a suka sa min suna Allura, wai ba cunkoson da ba na ratsawa. Kuma ka san dokar da na ɗora ku a kai kai da yayanka tun ƙafarku ba ta kai ƙasa sosai. Na ce muku in hanya ta cushe, ƙananan motoci su ne mugaye, su ne masu buɗe ƙofa a fuskar mutum, su ne masu ratse ba sigina. Na ce ku nemi babbar mota ku lafe a jikinta, ta gefen da direba ba ya zaune, tsakaninta da bakin titi, ku bi ta a hankali. Babbar mota ba ta tsalle, ba ta da ƙofar da za ta maka maka, kuma kowa yana ba ta hanya. Shi nake kira shiga inuwa. Na koya wa mutane da yawa, ba ku kaɗai ba, kuma ina alfahari da shi kamar ni na ƙirƙiro titi.

Ka tuna zuwanka gida shekara biyu da suka wuce, bayan ka samu aikin kai kaya a kamfanin nan. Muna zaune a tsakar gida da hantsi, ni da kai da Dogo, yana wanke sarƙar babur ɗinsa a tsohon kwano. Ka ce min kafin su ba ka babur sai da suka zaunar da ku a aji kwana uku, kuma malamin ya ce wurin da nake kira inuwa shi ne wuri mafi haɗari a duk titi. Da ladabi ka faɗa, kanka a ƙasa, har kana cewa wataƙila a zamanina ba haka ba ne. Ni kuwa raina ya ɓaci. Na ce malamin da ya koyi babur a kan allo ne zai gyara min tuƙi? Na tambaye ka ko babur nawa ya kashe, ko ya taɓa ɗauko mace mai ciki da buhu biyu ya ratsa kasuwa ranar ruwa. Dogo yana ta dariya, yana kiranka ɗan aji, yana cewa a saya maka jaka da alli. Da na tsaya a nan da sauƙi. Amma na ɗaga yatsa na ce maka in ka bar koyarwata ka bi ta masu allo, ban yafe maka ba. Mahaifiyarka ta leƙo daga madafa ta ce in janye, na ce ba na janye magana. Kai kuma ka ce to, Baba. Abin da ka ce ke nan, ba ƙari.

Ranar da abin ya faru, da misalin ƙarfe goma na safe ne, hanya ta cushe tun daga gadar sama har mararrabar da ake juyawa zuwa masana'antu. Dogo ya sauke fasinja, yana komawa shi kaɗai. Masu sayar da kaya a bakin titi sun ba ni labari daga baya, kuma na sa kowannensu ya maimaita min har sau biyu. Sun ce ba ya gudu, hularsa ta kwano tana kansa, bai yi ganganci ba. Ya zo ya lafe a jikin tifa, tsakaninta da dakalin titi, yana bin ta a hankali. Da aka saki hanya, tifar ta ɗan buɗe kamar za ta miƙe, shi kuma ya ƙara shigewa gaba, sai ta karyo kwana. Sauran ba sai na sa yayarka ta rubuta ba. Da suke ba ni labarin, Auta, har a raina ina cewa yaron nan bai yi kuskure ba, daidai ya yi, yadda na koya masa. Ka ji irin kan da Allah Ya ba ubanka.

A zaman makoki direban ya zo shi da mai gidansa. Ban bari sun zauna ba. Na ce a gaban jama'a makaho aka ba mota, na ce ya fita min daga gida. Ya sa takalminsa ya tafi. Matar yayanka ta ji ni daga ɗaki, kuma tun ranar ba ta da addu'ar da ta wuce Allah Ya isa tsakaninta da shi.

Makon jiya abin ya ƙi barina. Na ce wa kawunka mai faci ya kai ni garejin da suke ajiye motocin, ina so in kalli mutumin nan ido da ido in tambaye shi yadda aka yi bai ga ƙato kamar Dogo ba, mutumin da sai ya sunkuya yake shiga ɗakina. Kawunka ya yi ta zille-zille, wai yana da tayoyi a gaba, na ce ko ya kai ni ko in tafi da sandata. Ya goya ni a babur ɗinsa muka je da safe. Muka tarar da direban zaune a benci kusa da bakanike. Ashe ba yaro ba ne, furfura ta fara cin gemunsa, kuma bakaniken ya gaya min tun ranar bai sake riƙe sitiyari ba, kullum sai ya zo ya zauna a nan har yamma ya koma gida. Na faɗa masa abin da ya kawo ni, da kalmomi marasa daɗi. Ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce ba zai yi musu da uban mamaci ba, abu ɗaya yake roƙo, in hau in zauna a kujerarsa.

Na so in ƙi. Amma ka san ni, ba na so a ce na ji tsoron abu. Mutum biyu suka tallafe ni saboda gwiwa, na hau. Auta, shekara talatin da takwas ina gogar jikin manyan motoci, ban taɓa shiga kan ɗaya ba sai ranar. Sama ce sosai, kamar mutum ya hau soro. Direban ya tsaya a matakala ta gefena, ya ce wa kawunka ya turo babur ɗinsa ya tsaya a inda Dogo ya tsaya, kusa da tayar gaba ta ɗaya gefen. Ya ce min in duba duk inda nake so, in na ga babur in yi magana. Na duba babban madubi, na ga katangar gareji da tulin tsofaffin tayoyi. Na duba ƙaramin madubi, na ga jikin motar. Na leƙa ta taga, na ga rufin kwano da sama. Na gaji da jira, na ɗaga murya na ce wa kawunka ya bar shiririta ya kawo babur ɗin mana, ba kwana muka zo yi ba. Sai na ji muryarsa daga ƙasa, dab da ni, yana cewa ai tun ɗazu yana nan, har ƙafarsa ta fara sanyi.

Ban yarda ba. Na ce an karkatar da madubin ne don a rufe min baki. Bakaniken ya ce in gyara shi da hannuna yadda nake so. Na sa aka juya shi sama, aka juya shi ƙasa. Aka ƙaro babur biyu na masu aikin garejin, aka jera su uku a jikin motar, ni ina zaune a sama kamar wanda aka rufe wa ido da ƙyalle. Sai da kawunka ya ja baya sosai, ya kuma matsa nesa da jikin motar, sannan na hango hularsa a madubi, shi ma ya ce yanzu yana ganin fuskata. Direban ya ƙara min da cewa doguwar mota ba ta iya karya kwana sai ta fara buɗewa waje, sai a ga kamar ta ba da hanya, alhali tayoyin baya ne za su zo su rufe wurin. Ya ce ya sa sigina tun daga nesa, ya duba madubi sau biyu, kuma abin da na gani yanzu shi ya gani ranar. Daga nan ya sauka daga matakalar. Ni kuwa ban iya sauka ba, sai da suka bar ni na zauna a can sama na ɗan lokaci, hannuna a kan sitiyarin.

A hanyar dawowa nake ta tambayar kaina, to ni yaya aka yi na tsira shekara talatin da takwas? Ka san ba na mantuwa da abin da ya shafi titi, sai na shiga tono. Sai ga su sun dawo min ɗaya bayan ɗaya. A zamaninmu babbar mota ba ta tafiya sai da karen mota a maƙale a ƙofar ɗaya gefen, rabin jikinsa a waje. Akwai wani da muke kira Kwaɗo saboda yadda yake tsalle ya kama mota tana tafiya, akwai Mai Tsumma, akwai wani gajere mai haƙorin ƙarfe. Duk lokacin da na lafe a jikin motarsu sai su daki ƙofa da tafin hannu, su zage ni, su ce Allura kana neman mutuwa, ni ma in rama in ce uwarsu ce ke neman mutuwa, mu yi dariya in wuce. Ni duk a zatona wasa ne tsakaninmu. Ashe dukan ƙofar nan magana ce suke yi wa direba, suna ce masa ya dakata akwai mutum a ƙasa. Idonsu ne ya raya ni, ba dabarata ba. Motocin yanzu sun fi tsayi, ƙofa a rufe, gilashi a ɗage, ba kowa a maƙale. Masu tsaron nawa sun bar titi tun tuni ban lura ba, na ci gaba da tura 'ya'yana wurin da ba mai ganinsu.

Washegarin zuwana garejin na kira ka. Ka tuna, ka ce kana bakin aiki. Na yi niyyar in gaya maka, amma sai na shiga tambayarka ruwan sama da kuɗin mai. Da ƙyar na iya tambayarka yadda kake yi in hanya ta cushe a can. Ka ce yadda na koya maka kake yi, ba ka saɓa ba. Auta, da ka san abin da kalmar nan ta yi min. Na san ka. Kai ne yaron da na ce ya jira ni a ƙofar shagon kayan gyara kada ya motsa, na manta da kai na tafi ɗaukar fasinja, na dawo bayan la'asar na same ka a tsaye a wurin, ko ruwa ba ka je ka sha ba. Shekararka bakwai a lokacin. Mutumin da ya yi haka yana yaro, na san shekara biyun nan kullum yana shiga inuwa yana sane da abin da ke cikinta, don kawai kada ubansa ya ƙi yafe masa.

Saboda haka ka saurara, ga mahaifiyarka zaune a gefena, ga yayarka tana rubutawa, su ne shaiduna. Na janye maganar da na yi maka a tsakar gida. Na janye ta duka. Babu komai tsakanina da kai sai yafiya da albarka, duniya da lahira. Ban taɓa janye magana ba tun da aka haife ni, yayarka har ta ɗago kai ta kalle ni, na ce ta rubuta. Kai ne da gaskiya, malaminku ne da gaskiya, ni ne na yi kuskure, kuma kuskurena ya ci min ɗa.

Kada ka zaci ban ji abin da ka faɗa ranar ba. Ina faɗa ne, amma kunnena yana ɗauka, kuma ga shi zan mayar maka da kayanka. Ka ce kada mutum ya shiga tsakanin doguwar mota da bakin titi ko da wurin ya kai faɗin ɗaki, balle kusa da mararraba. Ka ce in ba ka ga fuskar direba a madubinsa ba, shi ma bai gan ka ba, sai ka ja baya har ku ga juna. Ka ce in za a ratsa, a ratsa tsakanin layin ƙananan motoci, lokacin da suke tsaye ko suna jan ciki, kuma kada gudunka ya fi nasu sai kaɗan, yatsu biyu a kan birki, fitila a kunne ko da rana. Ka ce a riƙa kallon tayar gaba ta mota, domin ita ke fara faɗin inda direba zai nufa kafin sigina. Ka ce in ka ga giɓi a layi kada ka yi murna, wani aka ba hanya, ko mota ko mai tafiya a ƙasa. Har ka ce in wuri ya yi maka ƙunci a ido, to ka tsaya a layi kamar kowa, kayan da ka ɗauko ba za su ruɓe ba. A nan ne Dogo ya fashe da dariya, ni kuma na ɗaga yatsa. To yanzu da wannan yatsan nake umartarka, ka bi wannan, ka bar nawa. In akwai abin da malamin ya faɗa da ba ka kai ga gaya min ba saboda na katse ka, shi ma ka bi.

Jiya da daddare na gaya wa mahaifiyarka komai. Na zaci za ta yi kuka ko ta yi min faɗa, na ma fi son ta yi faɗan. Sai ta ce kada in zo mata da hawaye, ita ɗa ɗaya ya rage mata a kan titi, in tashi in kira Malama. Shi ya sa muke zaune a nan. Akwai sauran wurare da zan je da ƙafata. Zan koma wurin direban nan in nemi afuwarsa a gaban mutanen garejin, tunda a gaban mutane na ci masa mutunci. Zan je tashar masu babur, akwai aƙalla mutum goma sha ɗaya da na koya wa shiga inuwa, na san su da sunan iyayensu. Sannan akwai matar yayanka, wadda har yau take yi wa bawan Allah Allah Ya isa a kan maganata. Wannan ita ce mai wuyar. Ɗakinta taku goma ne daga nawa, jiya sau biyu ina zuwa bakin labule ina jin ƙarar keke in juyo. Ban san da wane ido za ta kalle ni ba bayan haka, ko za ta ci gaba da kawo min 'yan biyu da safe. Amma zan shiga. Na dai ce sai na fara da kai, domin su duka suna iya jira, kai ne gobe da safe za ka tayar da babur.

Mahaifiyarka tana gaishe ka, ta ce a shafa mata kan jaririya. Yayarka Malama tana gaishe ka da matarka. Kawunka mai faci yana gaisuwa, haka gwaggonka ta bayan kasuwa da mijinta, da matar yayanka, da maƙwabcinmu mai shayi da kullum sai ya tambaye ka. Ka gaishe min da surukata da kyau, ka gaishe da iyayenta in kun yi waya. In kana ganin malamin nan naku, ka gaishe shi, ka ce wani tsoho ya gode.

Yayarka ta ce takarda za ta yi mako biyu a hanya, don haka za ta ɗauki hotonta ta tura maka ta waya yanzu, ita kuma takardar ta biyo baya ka ajiye. Kada ka fita aiki sai ka kira ni. Ba sai ka yi doguwar magana ba, kuma ba na neman ka ba ni haƙuri. Ka ce min kawai ka karanta, kuma ka bari. Wayar tana aljihun gaban rigata, na sa an ƙure mata ƙara saboda kunnena, kuma ba inda za ni sai ta yi kuka.

Allah Ya yi maka albarka, Ya dawo min da kai gida da ƙafafunka.

Ni ne mahaifinka.